A Tambayi Maƙwabcinsa: Gane Bangaskiyar Gaskiya da Koyarwar Ƙarya a Birnin Yamai



   Maƙwabtanmu Musulmi da suka amsa gayyatar wannan zama, su ƙara haƙuri kaɗan, za su ji suna da wuri a cikin wannan magana, wuri ma babba.

Batun yau shi ne yadda ake rarrabe bangaskiyar Kirista ta gaskiya da koyarwar ƙarya, ta hanyar duban zaman mutum da halinsa. Ba za a kama sunan wani fasto na garin nan ba. Sunayen da za a ambata na waɗanda kotu ta riga ta saurara ne, ko waɗanda tarihi ya gama rubuta labarinsu.

Na farko: me ya sa ake wannan magana a Yamai, kuma me ya sa yanzu?

Kiristocin Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, bisa ƙidayar 2012. Tarihinsu ma ba mai tsawo ba ne. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, daga baya ya kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi. Katolika sun buɗe mishan a nan Yamai a 1931. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, bayan aikin da Dakta Walter Miller da abokansa suka daɗe suna yi a ƙasar Zazzau. A wancan zamani masu bi sun san juna kaf. Mai wa'azi ɗan gari ne, an san gonarsa, an san surukansa, an san ko yana biyan bashi.

Yau abin ya canza. Mai wa'azi yana shigowa ɗaki ta tauraron ɗan Adam daga Legas ko Akkara ko Abijan, ko ta WhatsApp da TikTok, ba wanda ya san inda yake kwana. Wani kuma ya sauka tasha da jaka ɗaya, ya kama hayar shago a Talladje ko Bukoki, ya ɗaura lasifika, kafin wata uku an fara kiransa annabi. Da yawa daga cikin masu zuwa bayin Allah ne na ƙwarai, kada a yi musu kuɗin goro. Amma ta yaya uwar da ɗanta ke fama da sikila za ta gane na ƙwarai daga wanda ya zo don jakarta?

Matar da ta je sayen hatsi a kasuwar Katako ba ta tsaya sauraron rantsuwar mai awo. Takan ɗauki tiyar ta juya ta, ta duba ko an buga gindinta ciki. Ikilisiyar farko ma haka ta yi. Akwai wani ɗan littafi da ake kira Didake, wanda masana ke ɗauka an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na farko, aka gano kwafinsa a Istanbul a 1873. Ya ba ikilisiyoyin ƙauye ƙa'idar karɓar baƙon mai wa'azi: a sauke shi kwana ɗaya, in da larura biyu, in ya kai uku yana cin tuwon jama'a, a yi shakkarsa. In zai tafi a ba shi guzurin da zai kai shi zango na gaba. In ya nemi kuɗi, an gane shi. In yana koyar da gaskiya amma ba ya aikata ta, shi ma an gane shi. Mutanen nan ba su da makarantar tauhidi, yawancinsu ko karatu ba su iya ba, amma suna da ido.

Wannan ƙa'ida daga bakin Yesu ta samo tushe. A Matiyu sura 7 ya yi kashedi game da masu zuwa da kamannin tumaki, ya ce a duba abin da itacen ke haifarwa. A ƙarshen surar kuma ya faɗi abin da ya kamata ya hana kowane mai wa'azi barci: a ranar shari'a za a sami waɗanda suka yi annabci, suka fitar da aljanu, suka yi al'ajibai da sunansa, amma ya kore su saboda mugun aikinsu. Ke nan al'ajibi kaɗai bai zama shaida ba. Maimaitawar Shari'a sura 13 ta riga ta faɗa tun da daɗewa, cewa ko alamar da annabi ya faɗa ta tabbata, in yana jan mutane zuwa wata hanya, kada a bi shi.

Na biyu: kuɗi. A nan za a ɗan daɗe, don nan ne ɓarnar ta fi yawa.

Littafin Sarakuna na biyu, sura 5, ya ba da labarin Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, wanda ya warke daga kuturta ya dawo da azurfa da zinariya da tufafi don ya gode wa annabi Elisha. Elisha ya ƙi karɓar ko anini. Baransa Gehazi ya bi baƙon da gudu, ya shirga ƙarya da sunan maigidansa, ya karɓo azurfa da riguna biyu. Kuturtar da ta bar Na'aman ita ta kama shi. A Samariya wani mai sihiri ya miƙa wa Bitrus kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya fatattake shi. Annabi Sama'ila, da tsufa ya zo, ya tara Isra'ila ya ce duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, ko ya karɓi toshiya a hannunsa, ya fito ya faɗa. Ba wanda ya fito. Fasto nawa ne a yau zai iya tsayawa ranar Lahadi ya yi wannan tambaya, sannan ya yi shiru ya jira amsa?

Kada a yi wa maganar mummunar fahimta. Fasto ma'aikaci ne, yana da iyali, yana da haƙƙin albashi, Bulus da kansa ya faɗi haka. Mutanen ɗakin nan sun san fastocin ƙauye da ke noma da damina, su yi ɗinki ko gyaran keke da rani, don baikon Lahadi bai isa sayen buhun hatsi ba. Abin kunya ne ga ikilisiya, ba abin alfahari ba. Abin da ake magana a kai daban ne: a sa wa addu'a farashi. Kwalbar man shafewa jika biyar. Ganin annabi a keɓe jika goma. A ce wa mai sayar da ƙosai ta shuka iri da jarinta duka, Allah zai ninka mata sau ɗari kafin ƙarshen wata. Wata ya ƙare, jari ya tafi, sai a ce mata bangaskiyarta ce ta yi ƙaranci. Ta rasa kuɗin, an kuma ɗora mata laifin.

Wa ya taɓa ganin irin wannan shuka ta ninka wa wani, ban da mai karɓar irin?

Ɗaya daga cikin manyan masu wannan koyarwa ya ba da shaida a kanta da bakinsa. Jim Bakker na Amurka yana da gidan talabijin na wa'azi da miliyoyin masu kallo. A 1989 kotu ta same shi da laifin zamba cikin kuɗin masu ba da gudummawa, aka ɗaure shi. Ya ce a kurkuku ne ya zauna ya karanta maganganun Yesu a kan dukiya ɗaya bayan ɗaya, ya tarar sun saɓa da abin da ya yi shekaru yana koyarwa. A 1996 ya fitar da littafi yana amsa kuskurensa. Daga Afirka ma an tsawata. A babban taron Lausanne da aka yi a Cape Town cikin Oktoban 2010, wanda ya tara wakilai sama da 4,000 daga ƙasashe 198, Femi Adeleye ɗan Najeriya ya yi jawabi mai zafi a kan bisharar arziki, kuma takardar bayan taro ta fito fili ta ƙi koyarwar da ke mai da albarkar Allah hajar kasuwa.

Akwai gwaji mai sauƙi, shi ma daga Bulus. Lokacin da ya tattara gudummawa don matalautan Urushalima, bai rungume jakar shi kaɗai ba. A wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa, sura 8, ya bayyana cewa ikilisiyoyi sun zaɓi ɗan'uwan da zai raka kuɗin, don kada a sami abin zargi ko a gaban Allah ko a gaban mutane. Manzo ne fa, amma ya yarda a sa masa ido. Saboda haka tambayoyin ba masu wuya ba ne. Mutum nawa ke ƙirga baiko? Ana karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a? Takardar filin majami'a, sunan wa ke kai, na ikilisiya ko na fasto da matarsa? Wanda ya fusata don an yi masa waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da rabin amsa.

Na uku: iko a kan rayukan mutane.

A watan Afrilun 2023 'yan sandan Kenya suka fara tono a dajin Shakahola, kusa da Malindi. Sun haƙo gawawwaki sama da 400, da yawa na yara. Mabiyan Paul Mackenzie ne, tsohon direban tasi da ya kafa cocinsa. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa an umarce su su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, a fara da yara. Shi kuwa an kama shi da ransa da lafiyarsa, aka gurfanar da shi, yana musanta tuhumar. Abin lura shi ne, ba rana ɗaya aka kai ga dajin ba. Shekaru kafin nan yana wa'azin cewa makaranta da asibiti na Shaiɗan ne, har an taɓa kama shi a 2017 kan batun hana yara karatu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda za ta ɓaci ma haka.

A Kanungu ta Yuganda, wata ƙungiya ƙarƙashin Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde ta sanar cewa duniya za ta tashi a ƙarshen 1999. Mabiya suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa kuɗin. Shekara ta juya, rana ta fito kamar kullum, wasu suka fara neman a mayar musu da kayansu. Ranar 17 ga Maris, 2000, aka kulle jama'a cikin majami'a aka cinna wuta. Da aka haɗa da gawawwakin da aka tono a gidajen ƙungiyar, mamatan sun haura 700. A Afirka ta Kudu kuma, a 2016, wani Lethebo Rabalago ya riƙa fesa wa mabiyansa maganin ƙwari na Doom a fuska da sunan warkarwa, har kotu ta same shi da laifi a 2018.

Wani zai ce ai wannan can ne, Nijar ba a kai haka ba. Gaskiya ne, Allah ya ƙara tsarewa. Amma matakan farko iri ɗaya ne a ko'ina, kuma ba sai an je Kenya za a gan su ba. A ce wa mace uwarta ce mayyar da ta tsare mata haihuwa, ta daina zuwa gida. A ce wa mai hawan jini ko ciwon suga ya zubar da maganin likita don shan magani rashin bangaskiya ne. A ce ba mai aure, ba mai tafiya, ba mai karɓar aiki sai da izinin baba annabi. In an yi tambaya, a ce kada a taɓa shafaffe na Ubangiji. Wasiƙar Yahaya ta uku ta ambaci irin wannan shugaba, Diyotarifis, mai son gaba, wanda ke korar duk wanda ya karɓi 'yan'uwan da shi bai so ba. Bitrus kuwa ya gargaɗi dattawa kada su yi mulkin mallaka a kan garken da aka ba su amana, su zama abin koyi.

A ajiye wannan kusa da Galmi. Tun 1950 asibitin mishan ke tsaye a bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa. A can ana addu'a, sannan a ɗauki wuƙar tiyata. Yawancin marasa lafiyar Musulmi ne, daga Nijar da arewacin Najeriya, kuma ba a tambayar mutum addininsa kafin a ɗora masa ƙarin ruwa. A Danja, kudu da Maraɗi, an shafe shekaru ana wanke gyambon kutare lokacin da danginsu ma ke gudunsu. Haka kuma Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da SIM a Maraɗi, a 1983 ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da saiwa mai rai, in aka rage tohon aka bar 'yan ƙalilan sai su zama itace. Manoman yankin suka ɗauki dabarar suka yaɗa ta gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Bai sayar wa kowa da ruwan albarka ba. An ba shi lambar Right Livelihood a 2018, amma manoman Maraɗi sun riga masu lambar sanin aikinsa da shekara talatin.

Na huɗu, a taƙaice, don akwai yara a ɗakin: gida da jiki.

Wasiƙar Bitrus ta biyu, sura 2, da wasiƙar Yahuza, sun haɗa malaman ƙarya da abu biyu da ba sa rabuwa, kwaɗayi da fasikanci. Addu'ar kuɓutarwa da sai an rufe ƙofa, sai da dare, sai yarinya ita kaɗai, ba addu'a ba ce. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan, don su ake fara kai wa kuka. Roƙon da ake musu shi ne su daina binne irin wannan magana don gudun kunyar ikilisiya. Rufin da aka yi bara shi ke ba mutumin yarinya ta gaba.

Na biyar: shaidar na waje. Nan ne zuciyar wannan lacca.

A wasiƙar farko ga Timoti, sura 3, Bulus ya jera sharuɗɗan shugaban ikilisiya. Duk wanda ya karanta jerin da natsuwa zai yi mamaki. Ba a ce ya iya warkarwa ba, ba a ce ya iya ganin gaibu ba, ba a ce muryarsa ta cika fili ba. Gwaninta ɗaya tak aka nema, ya iya koyarwa. Sauran duk hali ne: mai mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, ba sabon tuba ba. Sai sharaɗi na ƙarshe, a aya ta 7: dole waɗanda ba 'yan ikilisiya ba su yi masa kyakkyawar shaida.

A Yamai su wane ne na waje? Alhajin da ya ba shi hayar gida. Mai shagon da ke rubuta masa bashin shinkafa. Mai gadin layi da ya san ƙarfe nawa yake dawowa, da wa yake dawowa. Yarinyar da ke yi wa matarsa aiki, wadda ta san ko ana biyanta a kan kari, ta kuma san muryar fasto in ransa ya ɓaci. Kusan dukansu Musulmi ne. Wato Littafi Mai Tsarki da kansa ya ba maƙwabci Musulmi kujera a kwamitin tantance fasto. Ba zai yanke hukunci a kan tauhidin Kirista ba, wannan ba nasa ba ne. Amma a kan gaskiya da amana da kunya, shaidarsa karɓaɓɓiya ce, sau da yawa ma ta fi ta 'yan majami'a inganci, don su ranar Lahadi suke ganin mutumin cikin kwat, shi kuwa kullum yake ganinsa.

An gwada wannan a garin nan, gwaji mai ɗaci. Ranar Juma'a 16 ga Janairu, 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram. Washegari Asabar wutar ta iso Yamai. Mutum 10 suka mutu a biranen biyu, 'yan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙona a babban birni kaɗai, gwamnati ta ayyana makokin kwana uku. Da yawa a ɗakin nan sun tsaya cikin toka suna tsintar abin da ya saura na kujeru da littattafan waƙa. Ba sai an tuna musu ba.

Abu biyu suka bayyana a makon nan. Na ɗaya, a unguwanni da dama Musulmi ne suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, wasu suka tsaya a ƙofa suka hana a shiga. Mutum ba ya sa ransa a haɗari haka don wa'azin da ya ji ta lasifika. Yana yi ne don zaman shekaru, don barka da ta'aziyya, don tuwon salla da na Kirsimeti da ke ƙetare katanga. Na biyu, shugabannin ikilisiya, na Katolika da na bishara, sun yi kiran gafara, kuma ba a ɗauki fansa ba. Wanda aka koya masa cewa mai bi na gaskiya ba ya asara, me zai ce wa kansa a safiyar 18 ga wata? Koyarwar da ke alkawarin mota da biza ba ta da abin faɗa a gaban majami'ar da ta ƙone. Wadda ta san gicciye tana da shi.

Ga wani misalin gafara: Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, ya yi shekaru yana hidima a Bomoanga, cikin ƙasar Gurmawa, wajen iyakar Burkina Faso. An sace shi a Satumban 2018, aka sake shi a Mali a Oktoban 2020, bayan fiye da shekara biyu a hamada, wani lokaci da sarƙa a ƙafa. Da ya fito ya ce ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. Wani ɗan'uwa na iya samun saɓani da Katolika a kan abubuwa da dama, wannan ba sabon abu ba ne. Amma irin wannan gafara ba a koyonta a dare ɗaya.

Na shida: iyakar wannan ma'auni. Dole a faɗe ta, in ba haka ba laccar kanta ta zama rabin gaskiya.

Ana iya ƙirƙirar kamannin tsarki. Jim Jones ya fara ne a Indianapolis yana ciyar da matalauta, yana haɗa baƙar fata da farar fata a benci ɗaya lokacin da hakan ke da wuya a Amurka. A Nuwamban 1978 ya kai mutum sama da 900 ga mutuwa a dajin Guyana. A Legas, Chukwuemeka Ezeugo, wanda aka fi sani da Rabaran King, ya yi suna wajen tsanani. A 2006 ya zargi wasu mabiyansa da fasikanci, aka zuba musu fetur aka kunna wuta, mace ɗaya ta mutu. An yanke masa hukuncin kisa a 2007, Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar a 2016. Da sunan tsarki ya yi abin da ya yi. Don haka dogon azumi, da doguwar riga, da hana 'yan kunne, da ɗaure fuska, ba su ne abin dubawa ba. Jerin da Bulus ya bayar a Galatiyawa sura 5 ya ƙunshi ƙauna da haƙuri da kirki da tawali'u. Tsarkin da babu tausayi a cikinsa abin tsoro ne.

Haka kuma mutumin kirki na iya koyar da kuskure. Pelagius, wanda ya zauna a Roma wajen shekara ta 400, ya yi suna da kamun kai har abokin gardamarsa Agustin, bishof na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a maƙwabciyarmu Aljeriya, ya amince da haka. Duk da haka ya koyar cewa mutum na iya cika nufin Allah da ƙoƙarin kansa, majalisar Kartaj ta ƙi koyarwar a 418. Zaman tsarki ba shi ke sayen ceto ba, daga ceto yake fitowa. Shi ya sa duban hali ba ya ɗauke wa kowa karatu. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, sun saurari Bulus da murna, sannan kullum su koma su buɗe Littattafai su ga ko haka ne. Luka bai kira su masu taurin kai ba, yabonsu ya yi.

Akwai kuma ramin da ke ɗaya gefen. Bayan tsanantawar da ta fara a 303, wasu Kiristocin Afirka ta Arewa, da aka sani da mabiyan Donatus, suka ce duk limamin da ya miƙa Littattafai ga hukuma don tsoro, baftismarsa ba ta da amfani, su kaɗai ne tsarkaka. Rabuwar ta wuce shekara ɗari, har a 411 bishof sama da 500 suka taru a Kartaj suna jayayya. Darasin ga Nijar a fili yake. Ikilisiyar EERN ta taɓa rabuwa, aka sami UEEPN da ikilisiyar Salama. Akwai Baftis, akwai Assemblées de Dieu, akwai sauransu. Wani yana rawa a sujada, wani yana tsaye ƙyam. Bambancin ɗariƙa ba shi ne koyarwar ƙarya ba. Kuma faston da ya faɗi, ya amsa laifinsa, ya karɓi horo, ya mayar da abin da ya ci, ba ɗaya yake da wanda aka kama ya koma wata unguwa ya canza sunan coci ba. Bitrus ma ya yi musun Ubangijinsa sau uku.

Na bakwai, kuma na ƙarshe: wa zai yi wannan aiki?

Wasu ƙasashe sun miƙa shi ga gwamnati. Ruwanda ta rufe ɗaruruwan majami'u a Kigali a 2018, ta kuma sa dokar cewa mai wa'azi ya mallaki takardar karatun tauhidi. Nijar ma ta yi dokar tsara harkokin ibada a Yunin 2019. Hukuma na da haƙƙin kama mai zamba da mai fyaɗe, ko da wace riga ya sa, kuma bai kamata ikilisiya ta tsaya tsakaninsa da alƙali ba. Amma jami'in ma'aikatar cikin gida takarda yake iya dubawa. Ƙawancen ikilisiyoyi na AMEEN, da makarantun horar da fastoci irin ta Agye, da ESPriT ta nan Yamai, suna da nasu rabon: kafin a ba baƙo mumbari, a tambayi ikilisiyar da ya fito, a kira ta a waya, a ji wa ya naɗa shi, wa kuma zai iya tsawata masa.

Sauran aikin yana kan benci. Bulus ya gaya wa Timoti cewa lokaci na zuwa da mutane za su tara wa kansu malamai masu faɗa musu abin da kunnensu ke so. Annabi Hananiya ya sami masu tafi ne don ya ce bauta za ta ƙare cikin shekara biyu, alhali Irmiya yana cewa saba'in. Mai sayar da man shafewa ba zai buɗe shago ba in babu masu saye, kuma mai neman a kashe masa kishiya da addu'a, ko a ba shi nasara a jarrabawar da bai yi karatunta ba, shi ke kiran irin wannan annabi da kansa. A farkawar da ta tashi daga Gahini ta Ruwanda cikin shekarun 1930 ta bazu Yuganda da Kenya, abin da ya ba hukumomi da 'yan kasuwa mamaki shi ne talakawan masu bi da suka riƙa dawo da fartanya da kuɗin da suka sata shekaru da suka wuce, suna biyan tsofaffin basussuka ba wanda ya tilasta su. Cikin waɗanda farkawar ta raina har da Janani Luwum, babban bishof na Yuganda, wanda ya fuskanci Idi Amin kan kisan jama'a, aka kashe shi a Fabrairun 1977.

Lokacin da aka ba mai magana ya cika, shugaban zama ma ya fara duban agogo.  

Yanzu fili na masu tambaya ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu a kawo masa makirfo, ya faɗi unguwar da ya fito. Roƙo ɗaya kawai: a yi tambaya a kan koyarwa ko a kan aiki, kada a kama sunan wanda ba ya nan. Za a fara da ɓangaren iyayenmu mata.